Kwamfutar da Ta Ƙi Tashi Bayan An Mayar da Ita Tsohuwar Windows: Mene ne Dalili, Ina Mafita?

Duk mai gyaran kwamfuta, ko a Farm Centre ta Kano yake ko a Banex ta Abuja, ya san wannan koke: "Jiya lafiyarta ƙalau, na sa aka cire mata sabuwar Windows aka mayar da tsohuwa, ga shi yau ta ƙi tashi." A danna maɓalli, fanka ta juya, tambarin HP ko Dell ya bayyana, daga nan sai baƙin allo da ɗan guntun rubutu na Turanci. Wata shuɗin allo za ta nuna, wata kuma ta yi ta mutuwa tana kunna kanta ba iyaka. Hankalin mai ita ya tashi, ya ɗauka ta ƙone. Amsar da yakan samu a shago kuwa gajeriya ce: "Sai an yi mata fomat."

Wannan amsa ita ce abin da ya fi damuna. Galibin irin waɗannan kwamfutoci babu abin da ya lalace a jikinsu, kuma a lokacin da suka ƙi tashin, takardun mai ita da hotunansa suna nan daram. Saɓani ne kawai ya shiga tsakanin sassan da ke tayar da ita. Asarar gaske tana zuwa ne daga baya, lokacin da aka yi gaggawar gogewa da sunan gyara, har kundin digirin ɗalibi ko lissafin shekara na ɗan kasuwa ya salwanta. Garin neman gira a rasa ido ke nan.

Me ke sa mutane komawa baya?

Masu komawa tsohuwar Windows suna da hujjojinsu, kuma bai dace a raina su ba. Yawancin laftof ɗin da ke hannun ɗalibai da ƙananan ma'aikata a ƙasar nan kwance ne da aka shigo da su daga Turai da Amurka bayan sun yi shekaru suna aiki. Da Windows 11 ta fito a ranar 5 ga Oktoba, 2021, kamfanin Microsoft ya gindaya sharuɗɗa: dole kwamfuta ta kasance da guntun tsaron nan TPM 2.0, da tsarin UEFI mai Secure Boot, sannan a ɓangaren Intel sai furosesa ta ƙarni na takwas zuwa sama, in ban da wasu 'yan ƙalilan. Dillalai da dama suka riƙa ɗora ta ta bayan fage a kan injinan da ba su cika sharuɗɗan ba, don ta yi kyan gani a kasuwa. Mai saye ya je gida ya tarar tana jan ƙafa, sai ya nemi a mayar masa da Windows 10.

Wani kuwa tsohuwar firinta ce ko sikana a shagon buga takardu, wadda direbanta bai wuce Windows 7 ba. Wani kukansa data ce da sabunta manhaja ke cinyewa. Wani sabo ne kawai.

Hanyoyin komawar biyu ne. Ta farko ita ce wadda Windows da kanta ta tanada: wanda ya ɗaga daga 10 zuwa 11 yana da kwana goma da zai iya danna "Go back" a sashen Recovery, saboda tsohuwar manhajar tana ajiye a wata jaka mai suna Windows.old. Kwana goman na cika, ko aka share jakar don neman fili, wannan ƙofa ta rufe. Sai hanya ta biyu, wato ɗora tsohuwar daga filashi tun daga tushe. Mafi yawan matsalolin daga nan suke fitowa.

Abin da ke faruwa bayan an danna maɓalli

Ba a iya gano ciwon sai an san yadda kwamfuta ke tashi. Aikin mataki uku ne, kowane yana miƙa wa na gaba.

Da farko wata ƙaramar manhaja ce da ke zaune a jikin allon uwa take farkawa, ta duba RAM da kibod da faifan ajiya. Tsohon samfurinta shi ne BIOS, wanda ya faro tun kwamfutocin IBM na farkon shekarun 1980. Sabon kuwa UEFI, wanda ya game kasuwa daga 2012 da fitowar Windows 8. Injina da yawa suna iya aiki da duka biyun, inda ake kiran tsohon salon da Legacy ko CSM. Har yau dai masu gyara BIOS suke ce wa dukansu.

Mataki na biyu shi ne nemo mai tayar da Windows a kan faifai. Shi ma faifan tsarin rabonsa iri biyu ne. MBR tsoho ne, tun 1983, ba ya wuce manyan ɓangarori huɗu, kuma ba ya amfani da abin da ya haura terabait 2. GPT shi ne sabo. Ƙa'idar da Windows ke bi ita ce: Legacy da MBR suke tafiya, UEFI kuma da GPT. A tsarin UEFI akwai wani ɗan ƙaramin ɓangare na faifai da ake kira ɓangaren EFI, wajen megabait 100, inda Windows Boot Manager ke zaune tare da bayanan da ke nuna masa inda Windows take.

Mataki na uku, Windows ta karɓi ragama. A nan tana buƙatar direban da zai ba ta damar karanta faifan da ita kanta take ciki. In babu shi, nan take za ta faɗi.

Sabuwar manhaja ta san tsofaffin na'urori, domin bayansu aka yi ta. Tsohuwa kuwa ba ta san abin da aka ƙirƙiro bayanta ba. Shi ya sa hawa ke da sauƙi, saukowa ke da wuya. Misalin abin kamar ɗaki ne da aka sauya wa kwaɗo, mai shi ya zo da tsohon makulli: kayansa suna ciki, buɗewa ce ta gagara, kuma mai hankali ba ya rushe ɗaki don makulli bai shiga ba.

Ceton kaya kafin gyara

Kafin a taɓa BIOS, kafin a rubuta kowane umarni, a fara kwashe fayiloli. Hanya mafi sauƙi ita ce a ɗora Ubuntu ko Linux Mint a filashi daga wata kwamfutar, a tayar da mara lafiyar da shi ba tare da an girka ba, a buɗe faifan a kwafi abin da ake so zuwa wani wuri. Ko kuma a ciro faifan a sa shi a kwanso mai USB a jona shi da wata kwamfutar. In dai an riga an goge ɓangaren C wajen ɗora tsohuwar Windows, to abin da ke can ya tafi, sai dai a gwada manhajojin farfaɗo da fayil, kuma duk rubutun da aka ƙara yi a faifan yana rage damar samun su. Amma sauran ɓangarori, irin su D, sukan tsira.

Akwai wani tarko da mutane da yawa ba su san da shi ba, wato BitLocker. Sababbin kwamfutoci da dama suna kulle faifai da kansu da zarar an shiga da asusun Microsoft, kuma tun daga Windows 11 samfurin 24H2 abin ya ƙara faɗaɗa. Sauya Secure Boot ko taɓa TPM na iya sa kwamfuta ta tsaya ta nemi makullin ceto mai lambobi 48. Yawanci makullin yana ajiye a asusun Microsoft ɗin da aka fara shiga da shi, ana iya dubo shi ta waya. Idan da asusun mai shago ko na tsohon mai ita aka buɗe kwamfutar, to makullin yana hannunsu. Babu injiniyan da zai fasa wannan kulle, komai ƙwarewarsa. Saboda haka a nemo lambobin a rubuta a takarda tun kafin a fara.

Rubutun da ke kan allo shi ne jagora

Mutane sukan tsallake rubutun da kwamfuta ta nuna don yana Turanci ko don ya yi kama da shirme, alhali shi ke faɗin matakin da ta tsaya. A ɗauki hotonsa da waya. Sannan a zare duk filashi da katin ajiya da ke jikinta, domin wani lokaci filashin da aka manta ne take ƙoƙarin tashi da shi.

Idan ko tambarin kamfani bai fito ba, to Windows ba ta da laifi, tunda ba a kai gare ta ba. A duba caja, a cire batir in yana ciruwa, a danne maɓallin kunnawa na wajen daƙiƙa talatin, a zare RAM a sake dasa shi.

Idan ta ce "No bootable device" ko "Operating system not found", ko HP ta nuna "Boot Device Not Found" da lamba 3F0, to mataki na biyu ne ya tsaya. A shiga BIOS: F10 a HP, F2 a Dell da Acer, F1 a ThinkPad na Lenovo. Tambaya ta farko: ana ganin faifan a jerin na'urori? In ba a gani, ko dai ya sassauta a mazauninsa ko ya mutu. In ana gani, a duba jerin abin da take fara tashi da shi, a sa Windows Boot Manager ko faifan a sama. In hakan bai yi ba, saɓanin UEFI da Legacy ne ake zargi. Ga yadda ake tabbatarwa: a tayar da ita da filashin Windows, a danna Shift da F10 tare, baƙar taga za ta buɗe, a rubuta diskpart, sannan list disk. Idan akwai alamar tauraro a ƙarƙashin Gpt, faifan GPT ne, sai a sa BIOS a UEFI. In babu, MBR ne, sai a kunna Legacy. Sau da yawa wannan sauyi guda shi ne maganin duka, ba tare da an goge ko fayil ɗaya ba. Ga wanda yake kan Windows 10 da faifan MBR kuma injinsa ba shi da Legacy, akwai umarnin mbr2gpt, wanda Microsoft ta fitar a 2017, da ke juya faifai zuwa GPT ba tare da share kaya ba.

A nan ne ya kamata a ja kunne sosai. Lokacin girkawa, Windows kan ce ba za ta sauka a faifan ba saboda GPT ne. Shawarar da ta cika intanet ita ce a shiga diskpart a rubuta clean. Wannan kalma guda tana share taswirar faifan gaba ɗaya, har da D da aka ɓoye kaya a ciki, kuma ba ta tambayar ko ka tabbata. Alhali saƙon yana nufin an tayar da filashin ne ta salon Legacy. Sai a koma a zaɓe shi ta UEFI a jerin tashi, wato F9 a HP ko F12 a Dell da Lenovo, ko a sake haɗa filashin da manhajar Rufus a zaɓi GPT.

Idan saƙon ya ambaci Secure Boot, ko Windows 7 ta daskare a kan "Starting Windows", dalilin a fili yake. Windows 7 ta fito a 2009, kafin zuwan Secure Boot, kuma tana dogara da wasu tsofaffin hanyoyin BIOS wajen nuna hoto. Dole a kashe Secure Boot a kunna CSM. Samfurinta mai bit 32 ma ba ya tashi ta UEFI sam.

Idan shuɗin allo ne da INACCESSIBLE_BOOT_DEVICE, ko lamba mai ƙarewa da 7B a Windows 7, to mataki na uku ne: Windows ta fara tashi amma ta kasa karanta faifanta. A duba saitin SATA a BIOS. Kwamfutocin Dell da yawa suna zuwa a kan RAID, kuma Windows da aka girka a kan AHCI ba za ta tashi a RAID ba, haka ma akasin haka. A mayar da shi yadda yake ranar da aka girka ta. Wani lokaci ɗan batirin allon uwa ne, CR2032 a yawancin injina, ya mutu, sai saitin ya riƙa komawa na asali duk sanda aka ɗauke wuta. Alamarsa ita ce kwanan wata da agogo su riƙa rikicewa. A injinan Intel na ƙarni na 11 zuwa sama kuwa akwai fasahar VMD, wadda kan sa filashin Windows 10 ya kasa ganin faifai kwata-kwata. Mutum ya rantse faifan ya ƙone, alhali direban Intel RST ake buƙatar lodawa daga shafin kamfanin da ya ƙera kwamfutar, ko a kashe VMD a BIOS.

Idan ta ce "BOOTMGR is missing" ko ta nuna 0xc000000e, bayanan tashi ne suka lalace ko suke nuna wurin da babu kowa. A tayar da filashin Windows, a zaɓi "Repair your computer", a gwada Startup Repair. In bai yi ba, a faifan MBR ana amfani da bootrec /fixmbr da bootrec /fixboot da bootrec /rebuildbcd. A faifan GPT kuwa na tsakiyar yakan ce "Access is denied", don haka bcdboot ya fi dacewa: a ba wa ɗan ɓangaren EFI harafi ta diskpart, a ce S, sannan a rubuta bcdboot C:\Windows /s S: /f UEFI. A lura, a cikin tagar gyara harafin Windows ba lallai ya zama C ba, sai an duba da list volume.

Saura wadda aka danna wa "Go back" sai ta shiga juyi ba ta kammalawa. A wurinmu babban mai jawo wannan shi ne ɗauke wuta ana tsakiyar aiki, ga batirin kwance da ba ya riƙe caji. Idan aka katse tashin Windows sau biyu ko uku a jere ta hanyar danne maɓalli, za ta buɗe shafin gyara da kanta. Daga nan a gwada Safe Mode. In ta shiga, yawanci direban hoto ne ko manhajar rigakafin bairos ke riƙe ta, sai a cire su. Amma kafin a yanke hukuncin ta daskare, a ba ta lokaci, domin a tsohon faifai mai juyawa aikin kan ɗauki sa'o'i. Muddin fitilar faifai tana ƙiftawa, aiki take yi.

Inda gyara ba zai yiwu ba

Gaskiya ce mai ɗaci, amma akwai komawar da ba ta da hanya. Daga ƙarni na shida na Intel, wato Skylake na 2015, aka cire tsohon tsarin USB da Windows 7 ta sani, shi ya sa kibod da linzami na USB ke mutuwa ana cikin girkawa. Ba ta kuma zo da direban faifan NVMe ba. Ana iya cusa waɗannan direbobi a filashi, amma daga ƙarni na bakwai na Intel da kuma Ryzen na AMD, Microsoft ta daina tallafa wa Windows 7 a kansu. Intel ma ta sanar da cewa daga 2020 za ta daina tallafa wa tsohon salon BIOS, don haka sababbin laftof da yawa ba su da Legacy ɗin da za a kunna. Wanda ya nace sai ya ɗora Windows 7 a irin wannan inji, ko ta tashi, zai iya rasa waifai da sauti da hoto mai kyau. Haka dokar take a Mac: ba ta karɓar macOS da ta girmi wadda aka fitar da samfurin injin da ita. A irin wannan hali mafita ɗaya ce, a kwashe kaya a mayar da manhajar da injin ya sani, daga shafin kamfanin da ya yi ta.

Ina jaddada batun shafin kamfani ne saboda Windows ɗin da wasu ke yawo da su a filashi, waɗanda aka rage musu nauyi aka cire musu sassa, sukan zo babu kayan gyara, kuma ba wanda ya san abin da aka dasa a cikinsu. Mutumin da ke shiga asusun banki da kwamfutarsa bai kamata ya yarda da su ba.

Shin komawar ta zama dole?

Wannan tambaya ce ya kamata a fara yi. Tallafin Windows 7 ya ƙare ranar 14 ga Janairu, 2020, kuma Chrome ya tsaya mata a samfuri na 109 a farkon 2023. Harin WannaCry na watan Mayun 2017, wanda ya durƙusar da asibitoci a Ingila, yawancin kwamfutocin da ya kama masu Windows 7 ne da ba a sabunta ba. Ita ma Windows 10 tallafinta na kowa da kowa ya ƙare ranar 14 ga Oktoba, 2025, sai wani shirin ƙarin tsaro na wucin gadi ga waɗanda suka yi rajista. Ke nan wanda ya koma baya ya sayi sauƙin yau ne da haɗarin gobe.

Sau da yawa kuma ba manhajar ce ciwon ba. Laftof mai RAM gigabait 4 da faifai mai juyawa za ta yi nauyi ko da wace Windows ce. A sauya mata faifai zuwa SSD, a ƙara RAM zuwa gigabait 8, sai ta zama kamar wata sabuwa. Mai kukan data ya saita intanet ɗinsa a matsayin "Metered connection". Mai tsohuwar manhajar aiki ya gwada Compatibility mode, ko ya ɗora Windows 7 a cikin VirtualBox. Mai tsohuwar firinta ya ware mata inji ɗaya wanda ba ya hawa intanet. Injin da ya tsufa ƙwarai kuma, Linux Mint za ta ba shi ƙarin shekaru na rubutu da bincike cikin tsaro.

Wanda duk da haka ya ga sai ya koma, to ya yi shiri. Ya kwafe kayansa a wuri biyu, ya rubuta makullin BitLocker, ya ɗauki hoton saitin BIOS kafin ya sauya komai, ya shiga shafin kamfanin kwamfutarsa ya tabbatar akwai direbobin Windows ɗin da yake so, ya sauke na waifai ya ajiye a filashi, sannan ya tabbatar da wutar da ba za ta yanke ba har a gama.

Kira ga masu gyara da masu kaya

Kwamfutar da aka kawo shago amana ce, kuma abin da ke cikinta ya fi ƙarfen daraja. Laftof in ta lalace ana sayen wata, amma binciken shekara biyu da hotunan iyayen da suka rasu ba a sayar da su a kasuwa. Fomat ya fi sauri, ya fi sauƙin koya wa yaron shago, amma bai kamata ya zama matakin farko ba. Mai gyara na gari yana karanta saƙon allo, ya duba BIOS, ya tambayi mai kaya abin da yake da shi a ciki, ya kwashe masa, kuma ba ya goge komai sai da izininsa. Wannan ƙarin aiki ne, ya kuma cancanci ƙarin lada, don haka masu kaya su daina ganin kuɗin ceton fayil a matsayin cuta.

Kai kuma mai kwamfuta, haƙƙinka ne ka tambaya kafin ka miƙa ta: me allon ya ce, an duba UEFI da Legacy, an kwashe mini kayana? Duk mai gyaran da ya san aikinsa zai amsa maka waɗannan ba tare da ɓacin rai ba. Wanda ya kasa amsawa, ka karɓi kwamfutarka ka nemi wani, domin muddin ba a goge faifan ba, damar gyara tana nan.